Gwajin Da Amarya Ta Zaɓa

Gefen zanin Naja'atu ya jima yana cin wuta, ita kuwa ko a jikinta.

Tana tsugune a kan kaskon turare, an lulluɓe ta da bargo tun daga wuya har ƙasa, gumi na bin bayanta. Gwaggo Kulu, ƙanwar mahaifinta da ta raine ta tun rasuwar uwarta, tana gefe tana ƙara turare tana yabon hannunta.

"Wannan haɗin sai amaryar da za ta hau jirgi. Kina jin yadda yake ratsa jiki ko?"

"Ina ji, Gwaggo."

Ƙarya take yi. Tun shekaranjiya hancinta ya daina aiki. Humra da ruwan randa duk ɗaya suke a wurinta, miyar kuka ma sai dai ta haɗiye don kar a tambaye ta.

Mukarrama ce ta zabura daga bakin gado ta fizge bargon.

"Ƙauri nake ji! Zaninki ne!"

Aka kashe wutar da tafin hannu, Gwaggo na ta salati. Mukarrama kuwa ta tsaya tana kallon Naja'atu, irin kallon nan na wanda ya tsinci abin da bai yi zato ba.

"Amaryar Yaya... hayaƙin a ƙarƙashin hancinki yake fa. Ba ki ji ba?"

"Hankalina ne ya tafi wani wuri."

"Allah sarki," in ji Mukarrama, ta gyara mayafinta ya rufe mata hanci, ta ja da baya.

Ita dai Mukarrama 'yar gwaggon Zayyad ce, daga Makarfi dangin miji suka turo ta da kayan gyaran amarya. Kuma ba wanda bai sani ba, tun suna yara ta sa rai da shi. Da ya zo ya tsallake ta ya nemi 'yar Malam Inuwa ta Paki, dariya ta yi ta ce ba komai. To, ni dai ban taɓa yarda da irin wannan "ba komai" ɗin ba.

Kusan shekara biyu ke nan da ɗaurin auren. Zayyad yana Ingila yana karatun noma, aka tsara wakilinsa ya karɓa masa auren, shi kuma ya zo hutu a yi tarewa. Sai korona ta sauka, aka rufe ko'ina. Daga baya aka yanke ita za ta bi shi can, aka shiga jiran biza. Naja'atu ta zama matar aure a ɗakin budurcinta. 'Yammata sun daina jan ta hira don ta yi musu girma, matan aure kuma in ta shigo sai su canza magana. A bakin rijiya suna ma aka ba ta, matar waya.

Wannan sunan ne ya kai Malam Inuwa bango. Ranar da bizarta ta fito, ya kira ta zaure ya ce,

"Uwata, sau biyu ana sa rana ana fasawa. Wallahi in wannan tafiyar ma ta rushe, da ƙafata zan je Taba gidan su Zayyad in karɓo miki takardarki. Ba zan ajiye ki kina tsufa a kan waya ba."

Malam Inuwa kuwa in ya rantse, an gama magana.

Da la'asar ɗin ranar da zanin ya ci wuta, ta kulle ƙofa ta kira Zayyad. Fuskarsa ta bayyana, ga hular sanyi har kunne.

"Najata... amaryata. Jibi war haka kina hanya."

"Yaya Zayyad, ba na jin ƙamshi."

Murmushinsa ya tsaya.

"Tun yaushe?"

"Kwana biyu ke nan. Da ɗan ciwon kai."

Ya sosa gemu, sannan ya matso da fuskarsa.

"Saurare ni, zuciyata. Gwaji biyu ne, kuma duk wanda kika kawo za su karɓa. Akwai na gaggawa, nan take a ba ki sakamako. Akwai babban, wanda ake kai wa na'ura, sai washegari. Shi babban ko ɓurɓushin ciwo ne sai ya tono shi. Ki yi na gaggawar."

"Shi ba ya ganowa?"

"Yana ganowa... amma wani lokacin yakan wuce bai gani ba."

"Kana so in yi wanda zai wuce bai gani ba ke nan."

"Ina so in ga matata. Laifi ne?"

Hawaye suka cika mata ido. Tana son mutumin nan, so irin wanda ya hana ta jin daɗin komai in ba da shi ba.

"In na sauka, ɗaki ɗaya za a killace mu fa. Ga asmarka. Bara da sanyi ya kama ka har asibiti aka kwantar da kai, ina nan ina kuka ba abin da zan iya."

"Wannan tsohon zance ne."

"Ga mutanen cikin jirgin..."

"Naja'atu, in kika rasa wannan jirgin bizarki ta mutu. Kin kuma ji abin da Baba ya rantse a kai. Mura ce kawai. Don Allah ki yi min wannan, kin ji?"

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Washegari suka ɗauki hanyar Zariya, ita da Gwaggo Kulu da Mukarrama. Ta sa takunkumi biyu, ta manne da taga, ta bar gilashi a buɗe duk da Gwaggo na ta mitar iska za ta ɓata mata gyara. Gonakin masara suna wucewa tana kallo, tana jin kamar ita kaɗai ce a motar.

A wurin gwajin wata ma'aikaciya ta leƙo ta bayan gilashi.

"Na tafiya ne? Wanne za a yi, na gaggawa ko babban?"

Gwaggo ta riga kowa.

"Na gaggawa, 'yar nan. Akwatinmu a ɗaure yake."

"Haba Gwaggo," in ji Mukarrama, muryarta kamar zuma. "Ai gara a yi babban, hankalin kowa ya kwanta. Yaya fa ba shi da ƙarfin ƙirji. Ko akwai abin da ake tsoro ne?"

Naja'atu ta juyo ta dube ta. Ta san ba ƙirjin Zayyad ne ya dami Mukarrama ba, jirgin take so ya tashi babu ita. Abin haushin kuwa, gaskiya ta faɗa. Ba abin da ya kai wannan ciwo, a ce maganar da ta dace ta fito daga bakin da ba ya ƙaunarka.

Wayarta ta yi ƙara. Saƙon Zayyad ne. "Na gaggawa, Najata. Ina jiranki."

Ta kife wayar a cinya.

"Babban za a yi min."

"Ke!" Gwaggo ta dafe ƙirji.

"Kuma ki rubuta, ba na jin ƙamshi."

Ma'aikaciyar ta dube ta na ɗan lokaci, sannan ta nuna mata wata kujera can nesa da mutane.

A hanyar dawowa, Mukarrama ta sauka a Makarfi, ta ce Allah ya ba da lafiya, tana tafiya kamar ƙafarta ba ta taɓa ƙasa.

Sakamakon ya iso da hantsi, daidai lokacin da ya kamata a ce motar filin jirgi ta tsaya a ƙofar gida. Tana ɗauke da cutar.

Ta kira Zayyad da kanta, don kar ya ji a bakin wani.

"Babban kika yi?"

"Shi na yi."

"Na roƙe ki, Naja'atu. Roƙonki na yi."

"Na sani."

"Shekara biyu ina dafa abinci ni kaɗai, ina ci ni kaɗai. Na sayi labule saboda ke. Na gyara ɗakin nan, na... Kin san abin da kika yi mana?"

"Na sani, Yaya. Gara in ji kana raye kana fushi da ni, da in zo in kwanta kusa da kai ina jin numfashinka yana sarƙewa, na kuma san ni na kawo maka."

Can sai wayar ta katse.

Kwanaki suka wuce ba ta sake jin sa ba.

Aka mayar da ita ɗakin ƙurya. Gwaggo takan ajiye kwano a bakin ƙofa ta ƙwanƙwasa ta wuce, fushi da tsoro sun haɗe mata. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗibar wuta. Labari kuwa ya riga ya zagaya, kowa ya san daga Makarfi ya taso: amarya ta ɓoye ciwo, Allah ya tona mata asiri. Ba wanda ya ce ita ta tona kanta.

Zazzaɓi ya zo ya tafi. Lallen hannunta ya fara dusashewa ba wanda ya gani. Akwatin yana nan a jingine da bango, ta kasa buɗe shi, ta kasa ture shi ƙarƙashin gado. Wayar kuwa kullum a caji take, kullum shiru. Takan ɗauka ta duba ko ta lalace ne, ta mayar.

Ranar da ta ji Malam Inuwa yana tayar da babur da safe, ba ta tambayi inda za shi ba. Ta jingina da bango ta yi kuka mai isarta, ba sauti, don ko ta yi da ƙarfi ba mai shigowa.

Sai bayan la'asar ya dawo. Ta ji takunsa ya wuce zaure, ya wuce madafi, ya tsaya a bayan tagarta.

"Uwata."

"Na'am, Baba. Sannu da zuwa."

"Ya jikin?"

"Da sauƙi."

Ya yi gyaran murya. Ta runtse ido tana jiran a turo mata takarda ta ƙasan taga.

"Daga Taba nake. Na faɗa wa mahaifinsa abin da ya kawo ni, ya kira yaron a gabana, aka buɗe murya kowa na ji. Gwaggonsa ta Makarfi ma tana wurin, har ta fara cewa dama yarinya mai ɓoye ciwo..."

Ya ɗan tsaya.

"Sai yaron ya katse ta. Ya ce ba ki ɓoye komai ba. Ya ce shi ne ya ce ki ɓoye, kika ƙi. A gaban ubansa ya faɗa, Uwata, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ya ce kunyarki ce ta hana shi kiranki."

Naja'atu ta toshe bakinta da mayafi.

"Na ce to ya rubuto. Ya ce in yi masa duk hukuncin da na ga dama, amma hannunsa ba zai rubuta wannan ba. Wai da an rufe zangon karatu zai taho, ko da za a killace shi zuwa da komawa. A nan za a yi tarewar."

"Baba... rantsuwarka fa?"

"Ita kuma tsakanina da Ubangijina ce. Na tsaya Ikara na auno hatsin kaffara." Muryarsa ta yi ƙasa. "Me ya sa ba ki faɗa min yadda aka yi ba?"

"Ba wanda ya tambaye ni, Baba."

Sannan ta ji ya jawo turmi ya kife, ya zauna a nan bayan tagar.

Wayar ta yi ƙara.

Ta ɗauka da hannu biyu. Ga shi nan, ya rame, idanunsa jajur.

"Najata..."

"Na'am."

"Ki yafe min."

"Ni ma ka yafe min, Yaya. Na ƙara mana jira."

"Kin rame."

"Kai ma."

Suka kalli juna. Akwai sauran watanni a gaba, duk sun sani, kuma ba wanda ya san me cutar nan za ta sake rufewa kafin lokacin.

"Ban san me zan ce ba," in ji shi.

"Kar ka ce komai. Kar dai ka kashe."

Ta jingina wayar da filo, ta jawo kwanon da Gwaggo ta ajiye tun rana, ta buɗe. Shi ma ya tashi ya ɗauko nasa farantin ya zauna.

"Bismillah," ya ce.

Suka fara ci.