Jan Irin Masara

"Ki ce ba ki gani ba, Maijidda! Shi ke nan fa!"

Gwaggo Mero ta riƙe hannunta tana girgizawa. Maijidda ta sunkuyar da kai.

Ta gani kuwa. A ma'ajiyar ƙungiyar manoma ta Dayi, inda take ɗinke bakin buhu, ana cuɗa masarar rumbu da jan rini a sayar a matsayin ingantaccen iri. Shugaban ƙungiyar Alhaji Maitama ne, mahaifin Talha, wanda za ta aura bayan Babbar Sallah.

"Gwaggo, ruwa ya kusa sauka... shi mutane za su shuka."

"Gonarki ce? Sauran ma'aikatan makafi ne? Kowa ya ja bakinsa sai ke, uwar gaskiya!"

Washegari ta ƙulle ɗan irin a gefen mayafi ta kai wa malamin gona. Ya wanke a kwano. Ruwa ya yi ja, masara ta fito duk hujin ƙwari.

Aka rufe ma'ajiyar, aka kori Maijidda daga aiki. Alhaji ya ce sharri ne, ya aiko aka kwashe lefe.

Da la'asar Talha ya yi sallama a zaure.

"Jiddata... me ya hana ki faɗa min tun farko?"

"Tsoro na ji kar ka roƙe ni." Hawaye ya zubo mata. "Wallahi da ka roƙe ni, da na yi shiru."

Talha ya buɗe hannayensa. Rinin na nan maƙale a ƙarƙashin faratansa.

"Ni nake cuɗawa, kafin ku zo aiki. Baba ya sa ni, ban iya ce masa a'a ba."

"Innalillahi... Talha!"

"Malamin gona na neman shaida gobe. Zan je."

"Mahaifinka ne fa!"

"Na sani, masoyiyata. Amma zan je."

Ya je, ya faɗi abin da hannunsa ya yi.

Bayan Sallah aka ɗaura auren. Alhaji bai zo ba, kawun Talha ne ya karɓa masa. Gwaggo Mero ta yi ta mitar amarya ba lefe, amma ita ta riƙe mata hannu a mota.

Ta ƙarƙashin mayafi Maijidda ta leƙa gonaki. An sake iri, masarar Dayi ta wuce gwiwa.