Ba'aren da aka tsinta a kango

Ranar Asabar ta uku ga watan Satumba na 2011, ɗaliban Nijar da ke Lyon suka yi hayar mota suka tafi Trévoux, wani ƙaramin gari a bakin kogin Saône, don su ga tsohon gidan sarautar da ke kan tudu. Ginin ya kusa shekara ɗari bakwai. Abin da ya rage a cikinsa ganuwa ce, da hasumiya mai kusurwa takwas, sai ciyawa.

Mardiya ba ta so zuwa ba, ƙawarta Biba ce ta janyo ta. A Paris aka haife ta, a can ta girma, shekararta biyu ke nan tana karatun kimiyyar sinadarai a Villeurbanne, gefen Lyon, kuma a ganinta ta ga isassun tsofaffin duwatsu tun tana firamare.

Matakalar hasumiyar a murɗe take kamar dodon koɗi, mutum ɗaya take ɗauka. Tana tsakiyar hawa, tana yi wa Biba mita, sai ta yi kiciɓis da wani dogon saurayi yana saukowa.

"Ko ki koma ƙasa, ko in koma sama," in ji shi da Hausa.

"Ka koma sama. Kai ka riga ka huta."

Ya koma da baya da baya, hannunsa a jikin bango, yana gaya mata inda dutse ya cinye don kada ta zame.

Da suka fito saman hasumiyar, mitar ta tsaya. Hazon safiya bai gama tashi daga kan kogin ba. Ya kwanta fari a tsakanin itatuwa, gadar masu tafiya a ƙasa ta fito daga cikinsa kamar ba ta da ƙafafu, jajayen rufin gidajen garin suna gangarawa har bakin ruwa. Can ƙasa wata ƙararrawa ta buga goma.

Ya ce sunansa Ilya, injiniya ne a wata masana'anta a Saint-Fons, mutumin Dogondutse. Ya tambaye ta garinsu.

"Paris."

"Wannan wurin zama ne. Baba fa?"

"Damagaram. Barebari ne mu."

Fuskarsa ta washe. Ya ciro jakar da ke kafaɗarsa ya miƙa mata.

"Ashe bayina sun iso har nan. Riƙe mini wannan."

"Pardon?" in ji Mardiya. Muryarta ta sa wasu Turawa biyu suka waiwayo.

Biba ta riƙe ciki tana dariya. Da ƙyar ta iya yin bayani. Ilya Ba'are ne, Arawa da Barebari kuwa taubasai ne, abokan wasa tun kaka da kakanni. Kowa ya ce ɗan'uwansa bawansa ne, kuma ba a fushi.

"A gidanmu ba a yin wannan," Mardiya ta ce.

Ilya ya mayar da jakarsa. Ya ba ta haƙuri ba tare da ya tsawaita ba, ya ce tun da ya sauke ta ƙasa da yawa, daga yau zai ɗaga ta sama da yawa: Magira zai riƙa kiran ta, kamar uwar sarkin Barno.

Mardiya ba ta matsa daga wurin ba. Mai yi musu jagora tana can gefe tana lissafa sunayen sarakuna da shekarun yaƙi. Shi kuwa ya kai ta wata 'yar taga mai faɗin tafin hannu, wadda maharba ke harbi ta cikinta a da, ya ce ta leƙa da ido ɗaya. Ta leƙa. Kogin gaba ɗaya ya koma wani siririn zare mai haske. A cikin zaren sai ga wani dogon jirgin ruwa ya shigo a hankali, an shanya wanki a kansa, wata mata tana zaune da kofi a hannu. Ya ɗauki lokaci kafin ya wuce.

"Mu ma muna da kogi a garinmu," in ji Ilya. "Sai dai ya tafi tun shekaru dubbai, ya bar mana makwancinsa. Muna noman gero a ciki. Ina yaro nakan hau dutse in zauna, ina jiran ya dawo."

"Ya dawo?"

"Yau dai na gan shi."

A hanyar komawa ta yi barci a kafaɗar Biba, ta yi mafarkin jirgin ruwa yana ratsa gonar gero. Washegari da hantsi saƙo ya shigo wayarta.

"Magira, barka da hantsi. Biba ce ta ba ni lambar, ita za ki hukunta. Ƙafafuna suna ciwo saboda hawa da baya. Ban yi nadama ba."

Ta bar shi har la'asar, sannan ta rubuta: "Allah ya ƙara. Gobe ina fitowa daga ɗakin gwaji ƙarfe biyar."

Haka aka fara. Yakan tashi daga aiki ya biyo taram, jirgin cikin gari, ya same ta a bakin jami'a, su taka zuwa tasha, Biba na biye da su taku goma a baya tana waya. Kafin sanyi ya wuce, Mardiya ta daina ce masa Ilya. Ba'arena take cewa.

A watan Maris ta kai zancen gida.

Alhaji Kyari, mahaifinta, ya shekara ashirin da takwas yana sayar da shadda da atamfa a unguwar Château Rouge ta Paris. Mutum ne mai ƙarancin magana. Ya riga ya sa ido a kan Siddiq, ɗan abokin cinikinsa na Kano, yaro mai natsuwa da ke taya shi aiki a shago, wanda Alhaji ya san gidansu tun daga kakansa. Ita kuma Mardiya ta daɗe da yanke wa kanta cewa ba za ta auri wanda Baba bai sa wa albarka ba.

"Ina kika san shi?" ya tambaya.

Ta gaya masa.

"Wato kun ɗauki mota kun je kallon kango, kika tsinto miji a ciki. Ba'are, kika ce? To, su zo."

Ilya ya nemi Malam Saley ya zama wakilinsa, wani dattijon Ba'are da ya yi ritaya daga masana'antun Saint-Fons. Ana gobe za su hau jirgin ƙasa zuwa Paris, Mardiya ta tura saƙo.

"Ba'arena, don Allah ka roƙar mini Malam Saley. Baba ba ya wasa. Ban taɓa ganin haƙoransa a gaban baƙo ba. Ku gaishe shi, ku faɗi abin da ya kawo ku, ku tashi. Ban da zancen bayi, ban da zancen Barebari. Ka yi mini alkawari."

Amsa ta zo bayan rabin awa.

"Magira, anya? Malam ya yi sati yana tanadin abin da zai gaya masa. Amma ke kika san babanki. Na yi alkawari, shi ma na sa ya yi."

Ziyarar minti ashirin ta ɗauka. Mardiya tana bayan ƙofar falo tana saurare. An yi gaisuwa mai tsawo, an tambayi gida da aiki da sanyi. Sai ta ji mahaifinta ya ce, "Daga Dogondutse, ko? An fara sa takalmi a can?"

Ta ƙara matsa kunnenta jikin ƙofar.

"Alhamdu lillahi, Alhaji," in ji Malam Saley, a ladabce.

Alhaji ya sake gwadawa, ya tambaya ko sun iya cin shinkafa da cokali ko a kawo musu ƙwarya. Malam Saley ya yi godiya, ya ce cokalin ma ya isa. Daga nan Alhaji bai ƙara cewa komai ba sai, "Za mu yi shawara." Da baƙin suka fita, ya kira ta.

"Ba ni da ɗiyar da zan ba waɗannan."

Sati uku ba ta ji daga Ilya ba. Ta ɗauka cin fuskar da aka yi musu ne ya kore shi. Shi kuma ya ji daga bakin Biba cewa mutanen Siddiq suna shirin zuwa. A ƙarshe ya rubuto layi biyu.

"Na ji. Ba zan shiga tsakaninki da babanki ba. Allah ya sa haka ya fi alheri, Mardiya."

Sunanta na yanka ya rubuta. Ta karanta sau ɗaya ta kife wayar.

Da hutun Afrilu ta koma Paris. Wata safiya suna kicin da mahaifiyarta, Hajiya A'i, suna gyaran zogale, ta kasa riƙewa.

"Inna, me suka yi wa Baba? Shi ne fa ya zage su. Ko uffan ba su ce ba."

"Abin da suka yi masa ke nan."

Hajiya A'i ta ci gaba da tsinke ganye tana magana. Tun da Ɗan Juma ya rasu, wani Ba'are mai ɗinki da ke kusa da shagon, lokacin Mardiya tana 'yar shekara shida, babu wanda ya ƙara cire wa Alhaji hula da wasan taubasai a garin nan. Da ya ji Arawa za su zo, kwana biyu ya yi yana murmushi shi kaɗai.

"Sai suka zo suka zauna kamar a ofishin takardu. Ya jefa musu magana sau biyu, suka bar ta ta faɗi ƙasa. Taubashinka ya gaishe ka da ladabi, ɗiyata? Ko yana riƙe da kai a zuciya, ko yana ganin ka zama Nasara, ba ka cancanci wasan ba. Babanki na biyun ya ɗauka."

Mardiya ta ture tiren zogalen gefe.

"Inna, ni na hana su."

Hajiya A'i ta ajiye reshen da ke hannunta.

"To, ke kika ɓata. Mutanen Siddiq Lahadi za su zo."

Da hannu mai ɗanyen ganye ta rubuta saƙon.

"Ba'arena, laifina ne. Na sake ku daga alkawarin. Ka ce wa Malam ya zo da duk abin da ya tanada, ya ƙara da wani. Asabar, a shago, kafin la'asar. Idan har yanzu kana so."

"Magira, mun riga mun sayi tikiti," ya amsa, bayan minti tara.

Ranar Asabar shagon a cike yake. Mardiya tana ninke atamfa a bayan kanta, Siddiq yana auna wa wata 'yar Mali shadda. Malam Saley ya yi sallama da ƙarfi, Ilya na bayansa. Dattijon ya ratsa masu ciniki, ya miƙa hannu ya cire hular Alhaji Kyari, ya ɗora a kan tasa, sannan ya zauna a kujerar mai shago ya miƙe ƙafa.

"Ina yaron shagon nan? Na zo karɓar kayana. An ce wani Babarbare yana riƙe mana ɗiya."

Almakashin Siddiq ya tsaya a tsakiyar yadi. Alhaji ya shafa kansa, ya dubi dattijon tun daga sama har ƙasa.

"Wa ya bar ƙofa a buɗe? Ba'are a Paris! Da ƙafa ka zo?"

"Da jirgin TGV. Kai ne aka ce da raƙumin aro ka iso."

"Takalmin nan naka ne, ko na masallaci ka ɗauko?"

Sai Alhaji Kyari ya yi dariya. Mardiya ba ta san sautin ba. Ya yi ta har ya dafa kanta, har matar nan 'yar Mali ta kama dariya ba tare da ta ji ko kalma ɗaya ba. Da ya natsa ya ce, "To wancan zuwan, me ya kama bakinku?"

"Ni ce, Baba," in ji Mardiya. "Na ce musu ba ka wasa."

Ya dube ta, dariyar ta sauka a hankali.

"Ba ki taɓa gani ba. Ina za ki sani?"

Ya juya wajen Siddiq ya ce bai yi wa kowa alkawari ba tukuna, kuma ga shi ya ga inda hankalin mai abin yake. Siddiq ya ƙarasa yanka yadinsa, ya ninke, ya miƙa wa matar.

"Babu komai, Alhaji. Allah ya sanya alheri. Ni sai ranar da Bazazzagi ya shigo, a ga nawa wasan."

Duk da haka Alhaji bai fasa bincike ba. Sati biyu yana buga waya Dogondutse da Yamai kafin ya ce a kawo goro.

An ɗaura auren ranar Asabar ta ƙarshe a watan Yuni na 2012, a wani masallaci kusa da shagon, bayan azahar. Washegari iyayen suka raka su tashar jirgin ƙasa ta Gare de Lyon. Hajiya A'i ta yi ta gyara wa ɗiyarta mayafi, ko da yake babu abin da ya same shi. Ana saura minti huɗu jirgi ya tashi, Alhaji ya kama hannun Ilya da hannu biyu.

"Wannan ba wasa ba ne, ka saurara. Ta tashi a ƙasar da ba tamu ba, ni kuma ina shago. Akwai abubuwa da yawa da ban koya mata ba. Ka koya mata da haƙuri, ita ma akwai abin da za ta koya maka."

"In sha Allahu, Baba."

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah ya ba ku zuri'a mai albarka, ya sa ku tsufa tare."

Suka ce amin, Malam Saley ya fi kowa ɗaga murya. Ƙofa ta rufe. Mardiya ta zauna wajen taga, Ilya a gefenta, tana ɗaga wa mahaifinta hannu, shi kuma yana biye da jirgin da ƙafa har inda dandamalin ya ƙare.