Kamu Uku a Bayan Gidan Mahamadou Mai Goro

Ranar da magina suka ɗora bulo na ƙarshe a kan sabuwar katangar, Malam Talle ya zauna a tsakar gida da la'asar sakaliya, fayil a kan cinya, yana duban aikin kamar mai duba jarrabawa. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da tarihi a Agege, shida kuma tun da ya yi ritaya yana bin tarihin gidansu. Kakansa Mahamadou ya zo daga Kano a jirgin ƙasa zamanin Turawa, ya yi fataucin goro, ya mallaki wannan fili. Taswirar da wani safiyo ya zana daga baya ta kai filin har bakin kwata. Amma tsohuwar katangar baya ta tsaya kafin nan, ta bar siririn lungu mai faɗin kamu uku. Malam Talle bai ga komai a ciki ba sai zalunci: an ga kakansa baƙo ne, an gutsure masa ƙasa. Koke goma sha ɗaya ya kai ofishin filaye da ke Ikeja. Da ya gaji da jira, ya rushe tsohuwar katanga ya haɗiye lungun.

Ladan bai gama kiran magariba ba dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Sai na biyu. Na uku ya sauka a gaban kujerarsa, jiƙe sharkaf da jar laka, alhali mako biyu ba a yi ruwa ba.

"Malam, abeg, don Allah ka bar lungun nan," in ji matarsa Badiyya, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ko Iya mahaifiyarka da tana raye ba ta bari mu yi shanya a wurin."

"Iya ba ta ga taswira ba," ya ce.

Kwana huɗu ana haka. Da rana gida lafiya, ga kukan motocin danfo, ga masu talla. Rana na yin ja sai kaji su yi tsit, iska ta tsaya, a ji wani abu yana tafiya a gindin sabuwar katangar, ya je ƙarshe, ya tsaya, ya dawo, kamar mai neman ƙofa. Malam Talle ya tattara duwatsun, ya rubuta wa kowanne kwanan wata, wai shaida.

A rana ta biyar 'yarsa Safinatu, wadda ke aikin jinya, ta je bayan gida ɗauko bokiti. Ba ta dawo ba. Suka same ta tsaye, goshinta manne da bulo, tana turawa har fata ta saɓule. Mutum uku suka janye ta da ƙyar. Daga nan ba ta ci ba, ba ta sha ba, ba ta kuma gane uwarta ba.

Badiyya ba ta nemi izini ba. Ta aika aka kira Malam Nassirou, dattijon Maraɗi mai ruƙiyya. Ya zo washegari kafin magariba, ya yi alwala, ya zauna a gefen tabarma ya fara karatu a hankali. An daɗe. Sai Safinatu ta miƙe zaune, ta tanƙwashe ƙafa irin zaman tsofaffi, wata murya mai kauri ta fito daga bakinta.

"Ya isa, Malam. Ni ma ina salla."

"To me ya haɗa ka da yarinya?" in ji Malam Nassirou.

"Hanyata aka toshe. Nan nake bi zuwa rafi duk magariba. Na riga jirgin ƙasa zuwa garin nan."

Bakin Malam Talle bai mutu ba. "Babu rafi a nan. Kwata ce."

"Ku kuka mayar da shi kwata, jikan Mahamadou. Kakanka ya fi ka ladabi. Da ya zo, sallama ya yi. Ba wanda ya ƙwace masa komai, shi ya bar mini kamu uku da hannunsa."

"Ina shaida?" in ji Malam Talle. "Ba na karɓar tarihi da baki."

Aka yi wata dariya a ɗakin, busasshiya, wadda ta sa Badiyya toshe kunne.

"Kullum kana wucewa ta ƙarƙashinta. Fatar da ke rataye a saman ƙofar zaure, da kake cewa layar jahilai."

Aka sauko da ita. Malam Nassirou ya farke ɗinkin da reza. Ba laya ba ce. Takarda ce da ajami, tawadar ta koma ruwan ƙasa. Malam Talle ya karɓa, ya juya ta sama da ƙasa. Ya karanta takardun Turawa fiye da ɗari a kan filin nan, amma rubutun kakansa ko harafi ɗaya bai iya ba. Ya mayar wa Malam Nassirou.

"Katangar ta faɗi kafin a idar da sallar magariba," muryar ta ce, "in saki yarinyar. In kuwa katangar ta kwana, to ta cikin yarinyar nan zan riƙa bi."

"Za a buɗe," in ji Malam Nassirou. "Kai kuma ka rantse ba jifa, ba taɓa kowa."

"Na rantse da wanda ya halicce ni da wuta."

Malam Talle ya dubi goshin 'yarsa. Bai jira magina ba. Ya ari guduma a maƙwabta, ya tuɓe riga, tsoho ɗan shekara saba'in, ya dinga dukan bulon yana haki. Liman na sallamewa katangar ta buɗe. Wata iska mai sanyi, mai warin ɗanyen ganye, ta shafi ƙafafunsa ta wuce. A cikin ɗaki Safinatu ta yi atishawa sau uku, ta ce, "Mama, ruwa."

Bayan salla Malam Talle ya ɗauko littafin da yake rubuta tarihin gidan, ya zauna a ƙasa gaban Malam Nassirou. Dattijon ya riƙa karanta ajamin, shi yana juyawa da boko: sunan mai ƙasar da ya ba Mahamadou filin, sunayen shaidu huɗu, duk abin da ya yi shekara shida yana nema. Sai aka zo layin ƙarshe: "Kamu uku na yamma ba nawa ba ne, ba na 'ya'yana ba ne. Na tarar da mai shi."

Alƙalamin ya tsaya.

"Rubuta, Malam," in ji Malam Nassirou.

Ya rubuta.