Kofin da Ba Shi da Suna

Duk wanda ya bi ta ƙauyen Harnley yau zai ga mashayar Baƙin Rago a garƙame, sabon ginin da ke jikinta ma ya riga tsohon lalacewa. Mutanen gari ba sa son zancen, ni kuwa ba zan rufe baki ba.

Wilfred Tebbutt ya gaji mashayar daga ubansa. Gini ne na shekara ɗari uku, rufi na yoyo, masu zuwa ba su wuce tsofaffi shida ba. Kowa da kofinsa na dalma rataye a ƙugiya da sunansa a jiki, kuma ba a fita da kofin mutum daga gidan sai ranar binne shi. Wilfred kuwa idonsa na kan gina ɗakunan baƙi takwas da zauren cin abinci na gilashi. Ranar da magina suka fasa bututun hayaƙi, sai ga tsohon takalmin jariri ƙwaya ɗaya a ɓoye.

"Mayar da shi, Wilf," in ji matarsa Enid. "Kakanninka ba mahaukata ba ne, shi ke tsare gidan."

Ya jefa shi a aljihu ya nufi bakin fadama wurin Crake, mai kiwon zuma, wanda kowa ya san ba zuma kaɗai yake kiwo ba. A bukkarsa akwai ƙoƙon kan doki bisa tebur, da kwalabe cike da ƙusoshi da gashin mutane, ga kyandir ɗin kitse yana ci rana tsaka.

"Baƙi nake so, Baba, gida ya cika. Me za ka karɓa?"

"Takalmin ya isa."

"A'a, arhar nan ba ta kwanta min ba."

Crake ya yi murmushi. Ya tofa yawu cikin takalmin, ya toshe shi da kakin zuma, ya cusa a bakin ƙoƙon kan dokin. Sannan ya miƙo wani kofin dalma fes, ba rubutu.

"Rataye shi cikin na sauran. Kullum ka buɗe, tsiyayar farko tasa ce."

"Ta wa?"

"Suna zai fito da kansa."

"Ni fa ba na harkar jini."

"Ka ji na ambaci jini, ɗan Tebbutt?"

Zuciyar Wilfred ba ta yarda ba, amma kwaɗayi ya fi ƙarfinta. Kafin shekara ta zagayo gini ya tashi, motoci daga Landan sun cika har bakin coci. Kofin kuwa, da an cika shi an juya baya, sai a tarar ya bushe.

"Wa ke shanye wannan?" Enid ta tambaya, tana kallon idonsa.

"Yoyo yake."

"To ina jiƙar?"

Wata safiya sunan ƙanensa Percy ya bayyana a jikin kofin. Wilfred ya ce tsokanar Percy ce. Bayan wata guda Percy ya faɗo daga rufin sabon zaure ya mutu, sunan ya goge. Sai na Enid ya fito. Ta shiga shimfiɗa wa baƙin da ba kowa ke gani ba, tana cewa ɗakuna takwas duk a cike suke kuma ba mai niyyar tafiya. Ba ta ga ƙarshen hunturu ba.

Saura 'yarsa Hester, ita kaɗai. Ranar da ya ga sunanta, hankalinsa ya gushe. Ya fizge kofin daga ƙugiya ya yi waje da gudu don ya jefa shi fadama.

"Wilf, tsaya," wani tsoho ya kira shi. "Ba a fita da kofin mai rai."

Ya sani sarai, tun yana rarrafe ya san wannan, amma ƙafarsa ta riga ta tsallake ƙofa. Da ya juyo, Hester na kwance a gaban murhu ba rai, farantan da ta ɗauko a tarwatse. Crake bai taɓa ta ba. Ubanta ne ya fitar da kofinta da hannunsa.

Har yau Wilfred na zaune cikin fasasshen zauren nan yana cika kofi yana jiran nasa sunan, sunan kuwa ya ƙi fitowa. Kai mai son ka kwana talaka ka tashi attajiri, duk wanda ya ce zai ba ka arziki a banza, ka waiwaya ka dubi mutanen gidanka. Da su za ka biya.