Geron Na Allah

A shekarar babban fari, zamanin soja, gwamnati ta turo geron agaji ƙauyenmu, kusa da Kanan-Bakashe. Aka damƙa makullin magazan, ɗakin ajiyar geron, ga Na Allah, wai don ba ya fashin sahun gaba a masallaci.

Buhu ɗari bai ishe shi sata ba. Da rana tsaka ya tafi wurin wani boka a gindin busasshiyar tsamiya. Tukwane uku a kife, ƙahon baƙin akuya, da ƙaramin rumbu na laka wanda jini ya bushe a bakinsa.

"So nike rumbuna kada ya ƙare," in ji Na Allah.

Boka ya yanka jan zakara, ya cuɗa jinin da gero tiya guda.

"Zuba wannan a gindin rumbu. Amma duk wanda ya ci bai biya ba, mutanena za su biya kansu da shi."

Na Allah ya yi dariya. "Ni da kyauta? Ko uwata ta sani."

"Ka dai ji. Kowa."

Geron agaji ya koma rumbunsa. Na Allah ya share geron kasuwanni har Korgom. Mata na tonon gidan tururuwa don ƙwaya, shi yana sayen gonakin mazansu da tiya biyar.

Sai babban ɗansa Yahaya ya faɗi matacce da ludayin fura a hannu. Bayan sati, uwar Na Allah ta bi shi. A nan ne mai wayo ya tuna cewa iyali ba sa biyan tuwo.

Bai tuba ba. Ya zauna a ƙofar madafa da faranti.

"Tanna, dala biyu kafin ki ɗora tukunya."

"Malam, ni matarka ce!"

"Shi ya sa na rage maki."

Tanna ta saida awakinta, ta saida kwanoninta, ta ci. Ranar da ta rasa abin saidawa ta lashi muciya. Da yamma aka kamo ta a daji tana tauna rairayi.

Na Allah ya koma wa boka a guje. "Ni fa? Wa zan biya?"

"Mai abu ba ya saye a hannun kansa. Na ce kowa."

Ya nemi geron wani, babu: shi ya kwashe. Kwana tara yana ciro kuɗi daga aljihun dama yana sawa a na hagu. Aka tsince shi jingine da rumbu cike, haƙarƙari a waje.

Ku masu riƙe makullin abincin talakawa, ku ji: ko ɓera bai taɓa geron nan ba.