Ƙasar da Ta Nutse a Kudancin Naivasha

"Don Allah kar ki motsa."

Kalmar farko ke nan da Mutiso ya faɗa wa Resiato, yana durƙushe kan daɓen siminti a bayan garken mahaifinta, da na'urar auna nauyin ƙasa a gabansa. Ko takun akuya ɓata awon yake.

"A gidan ubana?" ta ce, amma ta tsaya cak.

Kamfanin su Mutiso yana zuƙo tururi daga ƙasa don wutar lantarki, ya mayar da ruwan ta wata rijiya. In ƙasa ta ƙara nauyi, ruwan ya koma mazauninsa. Awon bayan wata uku-uku ne, amma Mutiso ya mai da shi na kowane mako.

"Tauraruwata, yau ma lissafi ya ƙi zama, ke ce sila," ya rubuto mata.

"Mai awo, ka ci abinci dai?" ta amsa masa.

Da maganar aure ta taso, mahaifinta Baba Lemayian kuwa ya ce atafau. Idon ruwan da shanunsa ke sha yana janyewa, ba zai ba ɗan kamfanin rijiyoyin 'yarsa ba.

Da awo ya nuna ƙarin nauyi, Mutiso ya ruga. "Baba, ruwanku na dawowa." Tsohon ya amince da auren, har ya bar shanun a gida lokacin da maƙwabta suka yi ƙaura.

Sai daga baya Mutiso ya gano, ɗoki ya hana shi auna tsayin daɓen. Ƙasa ce ta nutse, shi ya sa na'urar ta ji nauyi. Ruwa bai dawo ba.

"Ka yi shiru sai an ɗaura aure," in ji Resiato, tana kuka.

Bai iya ba. Ya je ya faɗa, tsohon ya nuna masa ƙofa da sanda. Idon ruwan ya ƙafe, shanu goma sha ɗaya suka mutu a hanyar ƙaura. Wata biyar ba ta amsa saƙonsa ba, ga shi kullum kewarsa na cin ta.

Ranar nan Baba Lemayian ya aika a kira shi.

"Ban yafe shanuna ba. Amma shekara talatin mutanenku na zuwa nan, ba wanda ya taɓa dawowa ya ce ya yi kuskure. Ɗauke ta."

Ranar auren babu sa, akuya aka yanka. Tsohon ya fesa musu madara bisa al'ada, ya sa musu albarka.