Gawar da Ba Ta Tashi Ba a Gaɓar Krabi

Rana ta take tsaka a gaɓar tekun Krabi lokacin da daraktan fim ya daka tsawa a tsaya. Hayaƙin da aka tayar ya washe. Mutanen da aka kwantar a yashi a matsayin gawarwakin 'yan fashin teku suka miƙe suna kakkaɓe jiki suna dariya.

Mutum ɗaya bai tashi ba. Ekkachai ne, tsohon ɗan dambe, mai koya wa 'yan wasan faɗa.

Da Sufeto Prawit ya iso, ya tarar da Turawa 'yan hutu suna ɗaukar gawar hoto, a zatonsu har yanzu fim ake yi. Ya sa aka kore su.

"Yallaɓai, kowa a nan jina-jina yake," in ji Saja Decha. "Sai dai na sauran suga ne da kala."

Gawar tana kwance a bayan wani kifaffen kwale-kwale. An farke wuyan daga ƙasan kunne har maƙogwaro, yashi ya shanye jinin ya yi baƙi. Prawit a gonar roba ya tashi, ya san wannan siririn yanka mai lanƙwasa.

"Wuƙar tsaga icen roba ce," ya ce. "Kada kowa ya bar wurin nan."

Darakta Worawut yana zaune a rumfarsa da kofin kofi mai ƙanƙara.

"Mamacin yana da abokan gaba?"

"Ekkachai? Na kowa ne."

"An taɓa jin rauni a aikinku?"

"Ko ƙwarzane. Sufeto, rana tana guje mini, yaushe za mu ci gaba?"

Wata dattijuwa mai kula da sutura ta ja tsaki a bayan rumfar. Prawit ya zagaya ya same ta. Sunanta Somjit.

"Inna, tsakin na mene ne?"

"Na ƙarya ne. Bara, a fim ɗinsu na baya, akwai wani matashi Tawan. Aka ce ya diro teku daga kan dutsen can. Ya ce ruwa ya janye, ba zai dira ba. Ekkachai ya yi ta narkarsa da gwiwa har haƙoransa suka zube, sannan ya hankaɗa shi. A kan duwatsu ya faɗa. Kamfani ya ce giya ya sha ya je iyo."

"Me ya hana ki magana?"

"Wa ya tambaye ni?"

Prawit ya sa aka kunna masa abin da kyamara ta ɗauka ɗazu. Kafin hayaƙi, wani mai jan ƙyalle a ka yana kwance a gindin kwakwa. Bayan hayaƙi, ga shi dab da kwale-kwalen, ya danne hannun dama da cikinsa.

Aka jera masu fitowa a gawa. Mai jan ƙyallen tsoho ne siriri, ƙaron roba ya baƙanta masa yatsu.

"Sunanka, Baba?"

"Chamnan."

"A ina ka kwanta?"

"Gindin kwakwa."

"Ba ka motsa ba?"

"Gawa tana motsi ne, yallaɓai?"

"Saja, caje shi."

Decha bai kai ga taɓa shi ba tsohon ya zaro wuƙa daga ƙugu ya tsarge masa hannu daga gwiwa zuwa wuyan hannu. Jini ya yi tsartuwa. Mutane suka watse da ihu. Chamnan bai nufi hanya ba, rumfar darakta ya nufa. Ya ture teburin, ya damƙi gashin Worawut, ya buga fuskarsa a kan wani akwatin ƙarfe har hancin ya fashe, ya ɗora masa wuƙar a wuya.

Prawit ya saita bindiga. "Baba, ajiye."

"Sai ya faɗa. Faɗa musu abin da ka yi da ɗana."

"Ban taɓa shi ba," Worawut ya ce, jini yana shiga masa baki. "Ekkachai ne ya tura shi."

"Kai kuma fa?"

Wuƙar ta ɗan nutse. Worawut ya fara kuka. "Na ce kada a kashe kyamara. Faɗuwar ta yi kyau, na sa ta a fim ɗin."

Tsohon ya runtse ido. Prawit ya yi tsalle ya make masa wuyan hannu da gindin bindiga. Ƙashi ya yi ƙara, wuƙar ta faɗi a yashi. Chamnan ya durƙusa, bai ƙara kokawa ba.

"Ni na yanka shi," ya ce. "Tawan ɗana ne, shi kaɗai gare ni. Sun ce mini maye ne ya kashe shi, na yarda, har na ji kunyar maƙwabta. Da fim ɗin ya fito na shiga sinima don in ƙara ganin fuskarsa. Na ga ya faɗo, na ji ihunsa. Na san ihun ɗana, yallaɓai. Mutanen da ke gefena tafi suka yi."

Somjit tana ɗaure wa Decha hannu da wata rigar 'yan wasa.

Prawit ya sa wa Worawut ankwa da kansa. Tsohon kuwa kafaɗarsa kawai ya riƙe, saboda karayar. Suka ratsa ta gaban 'yan hutu masu shan rana har bakin mota. A nan Chamnan ya tsaya.

"Za a nuna fim ɗin a kotu?"

"Dole a nuna, Baba. Shi ne shaida."

Tsohon ya gyaɗa kai. "To ka roƙa mini alƙali a zaunar da ni inda ba zan gani ba."